Baƙin Wuyan Rabi

Yau kwananmu goma sha biyu da dawowa daga Masar, kuma har yanzu duk wadda ta shigo dubiya, da ta gama "ya mai jiki" sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Fanna, ya ƙasar Fir'auna?" Wata ta tambaya ko na ga dalar duwatsun nan tasu, wata ko na sayo abaya. Jiya har da mai son ta ji ko gurasarsu ta kai ta Jakara. Na gaji da maimaici, bakina ya yi tsami. Bari in faɗa sau ɗaya tiryan-tiryan, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Ni dai ban ga wata dala ba. Asibiti na gani, da bene, da bayan wuyan 'yata.

Duk wanda ya daɗe a Kabara ya san ni da gasa masu jego. Kakanninmu daga Barno suka zo, suka bar mana abu biyu, haɗa turaren wuta da iya riƙon mai jego, kuma ni ban yar da ko ɗaya ba. Idan yarinya ta zo wankan gida a hannuna, kwana arba'in nake riƙe ta: ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa, farfesun ƙauri, tuwo yana iyo a man shanu, fura da rana tsaka. Ranar komawa sai zani ya ƙi zagaye ta. Dangin miji su yi ta guɗa, a ce ai hannun Fanna ne. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji har cikin ƙashina.

Rabi ce 'yata ta uku. Siririya muka kai ta ɗakin miji, kamar sillen kara. Haihuwarta shida, duk a ɗakina ta yi jego, kuma kowane jego ƙibar da ta samu zama take yi ta jira ta gaba. Bayan haihuwa ta uku na lura bayan wuyanta ya yi baƙi, fatar ta yi kauri. Raina ya ɓaci. 'Yar Barno da daƙadaƙan wuya? Na ɗauko dutsen goge kaushi da sabulun salo da lemon tsami. Tun daga ranar, duk wankan da zan yi mata sai na dirje wuyan nan har ya yi ja. Ko ba jego take ba, in ta zo wuni sai na ja ta bayi. A cikinta na shida ma'aikaciyar awo ta ce suganta ya hau. Na ce sugan ciki ne, da ta sauka zai bi ruwa. Na daina sa mata sukari a kunu, na ninka zuma, tunda zuma magani ce.

Maganar ƙafa kuwa, garwashi ne ya faɗo daga kasko tana turara jiki, ta taka shi da ƙafar hagu ba ta sani ba. Sai da 'yarta ta ce tana jin ƙaurin nama. Mun yi ta shafa zuma da man kaɗanya har sati uku, yatsu biyu suka yi baƙi. Da muka je asibiti a nan Kano, likitan ya duba ya ce a cire yatsun biyu cikin satin nan. Na miƙe tsaye na ce masa, "Malam, likita kake ko mahauci?" Ya rubuta takardarsa ya miƙa wa mijinta, Malam Sani. Ni na tsaya kai da fata na ce Masar za a kai ta, can ba sa gaggawar yanka. Malam Sani suruki ne mai kunya, bai iya musu da ni ba. Kafin fasfo da biza su fito, wata biyu ya wuce har da kwanaki.

Tafiyar tun daga lungunmu ta fara ba ni kashi. Kun san mota ba ta shiga. A kujerar roba aka zaunar da Rabi, yayyenta biyu da mijinta da wani maƙwabci suka ɗauka, sau uku suna sauke ta suna haki kafin bakin titi. Mata sun leƙo ta zaure suna Allah ya kiyaye hanya. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta buɗe ba sai a filin jirgi.

Ni kaɗai na raka ta. A cikin jirgi bel ɗin kujera ya ƙi zagaye cikinta. Ma'aikaciyar jirgin ta je ta kawo wani guntu aka ƙara, tana ta murmushin da ba na so. Shekara biyar baya da na ba da labarin nan ina dariya, in ce ku ga aikin hannuna, har jirgi ya shaida. Ranar dai ban yi dariya ba. Ga ƙafar tana wari duk da bandeji uku da humrar da na zazzage mata. Wani Alhaji ɗan kasuwa da ke gefenmu ya daure, ya daure, can ya kira ma'aikaciyar ya yi mata raɗa, aka canja masa wuri. Da zai tashi ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Hajiya." Na amsa da amin, amma da ido zai iya mari da ya sha.

Mun sauka Alƙahira da hantsi. Aka tura Rabi a keken marasa lafiya, aka buga mana fasfo ba wata wahala, sai a wurin duba kaya na gamu da gamona. Wani jami'i mai gashin baki ya buɗe jakata. Ya ɗago kuka, ya ɗago yaji, ya ɗago garin kunu. Da ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, sai ya ja baya yana salati. Kanwa ce ta ja mana tsaiko. Ya kira wani, wani ya kira wani, suna jujjuya ta suna kallona kamar sun kama dillaliyar ƙwaya. Ni ba Larabcin kasuwa ba, na salla kawai gare ni. Na gutsura na sa a baki don su gani, abin ya ƙara rikita su. Sai da muka fi awa guda. Ƙarshe suka riƙe kanwar da daddawar. Dutsen goge kaushina kuwa ya ɗaga shi sama ya nuna wa abokansa, suka yi dariya, ya mayar min.

Wadda ta tarye mu wata mata ce, Ummu Hani, mai saukar da marasa lafiya 'yan Kano kuma tana yi musu tafinta. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun tashi daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙasa, suka yada zango a can, zangon ya zama gida, ita kuma yaƙi ya koro ta Masar. Ba ta taɓa ganin Kano ba. Hausarta irin ta tsofaffin da muka taras muna yara ce, an kwaɓa ta da Larabci. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hajja, kun sha hanya, malesh." Wannan malesh ɗin ita ce sannunsu, ita ce haƙurinsu, ita ce kuma ba komai. Kafin mu dawo na ji ta ya fi a ƙirga.

Masaukin hawa na biyar ne a wani tsohon bene. Akwai na'urar hawa mai ƙofar ƙarfe, kamar kejin kaji. Mu uku muka shiga ta ƙi motsi. Sai da ni da Ummu Hani muka fita muka bar Rabi ita kaɗai, muka bi matakala muna jin ta tana kiran "Inna, Inna" daga cikin bango. Tun daga ranar kullum haka muke yi. Gwiwoyina har yau ba su yafe min ba.

Mutanen garin ban gane musu ba. Gaisuwarsu kalma biyu ce, sun wuce. Ba mai tambayar ya gida, ya yara, ya gajiya. Sati biyar muka yi, ƙofarmu na kallon ta maƙwabta, sun ga ana fita da mara lafiya ana shigo da ita, ba wadda ta ƙwanƙwasa ta ce ya mai jiki. A Kabara kan ciwon kai ma sai an cika maka tsakar gida. Amma kada in zalunce su. Matar da ke hawan sama da mu, idan ta zuro kwandonta da igiya ta taga mai gurasa ya saka mata, takan tsayar da shi daidai tagarmu ta girgiza igiyar har sai na ɗauki biyu. Ban taɓa ganin fuskarta ba, hannunta kawai na sani. Abincinsu wake ne da safe, an dame shi da mai. Da rana kuma wani haɗi na shinkafa da taliya da ƙananan wake duk a kwano ɗaya, kamar an share kicin. Shayi kuwa sai cokali ya kusa tsayawa don sukari. Su ma ƙibar ce da su, maza da mata, kuma a layin asibiti na ga masu sanda da ƙafa ɗaya da yawa. Na riƙa kau da kai.

Kwana biyu aka yi ana ɗibar jini da hoton ƙafa. Rana ta uku muka ga babbar likitar, wata 'yar firit mai furfura da tabarau. Abin da ya ba ni mamaki, ba ƙafar ta fara dubawa ba. Ta zagaya bayan Rabi, ta ɗage mayafinta, ta shafa wuyan da yatsa. Kunya ta kama ni. Na ce wa Ummu Hani, "Gaya mata ba ƙazanta ba ce, wallahi kullum ina gogewa, ƙi fita ya yi."

Likitar ta saurara, ta tambayi shekara nawa. Na ce goma sha biyu. Ta tambaya da me nake gogewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na zaro dutsen daga jaka na ɗora mata a tebur. Ba ta yi dariya irin ta mutanen filin jirgi ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta jawo takarda ta fara zane, tana magana a hankali, Ummu Hani tana juya min.

Ta ce kitsen jikin mutum a 'yan ƙananan jakunkuna yake zaune, ido ba ya ganinsu. In aka yi ta ɗura musu, musamman na ciki, sai su cika su yi tam, waɗansu su mutu. To akwai sojojin jini, fararen ƙwayoyin da Allah ya yi don yaƙi da cuta da share abin da ya lalace. Sai su taho su kewaye matattun jakunkunan. Da aiki ɗaya ne da sun gama sun tafi, amma kullum sababbi na mutuwa, don haka sai su tare a cikin kitsen, suna ta sakin abubuwan da ke sa kumburi. Kumburin ba irin na ƙurji ba ne, ba zafi, ba zazzaɓi, a ɓoye yake ci shekara da shekaru. Shi kuma insulin, wanda aikinsa ya sa naman jiki ya buɗe ya karɓi sukari daga jini, sai kumburin nan ya hana a ji maganarsa.

Na ce ban gane ba. Ummu Hani ta ajiye Larabcin likita ta ce, "Hajja, a garinku akwai 'yan sintiri?" Na ce akwai. Ta ce, "To a ce an kira su don ɓarawo ɗaya, suka zo suka ƙi tafiya, kullum busa usur, kullum ihu. Wace mata za ta buɗe ƙofa? Ko maigidan ne ya dawo da cefane yana bugawa, a waje zai tsaya da kayansa." Nan na gane. Sukarin yana yawo a jini ba mai karɓa, jiki kuma yana ta ƙaro insulin ko za a ji. Likitar ta sake nuna wuyan Rabi ta ce yawan insulin ɗin nan ne ke sa fata ta yi kauri ta yi baƙi. Tun kafin a ga suga a awo, wuyan ya riga ya faɗa.

Wato shekara goma sha biyu jikin 'yata yana sanar da ni, ni kuma ina bin sanarwar da dutse, in gama in kawo mata kunu.

Na ce, "Tambaye ta, ni na ja mata?" Likitar ta tambayi me ya kashe mahaifin Rabi. Na ce shi ma sugan ne. Ta ce akwai gado a ciki, ba kowace mai ƙiba ke kamuwa ba, kuma ba uwar da ke ciyar da 'yarta don ta cuce ta. Magana ce mai daɗi, amma na lura ba ta ce a'a ba.

Sai ta buɗe takardun da muka zo da su daga Kano. Ta karanta ta likitan da na kira mahauci, ta sa yatsa a kan kwanan watan, ta kalli hoton ƙafar na jiya, ta faɗi wata gajeriyar magana. Ummu Hani ba ta juya min ba. Na ce me ta ce? Ta ce, "Malesh, Hajja." Na ce ba malesh na tambaye ki ba, abin da ta ce za ki gaya min. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta ce likitanku gaskiya ya faɗa. A lokacin yatsu biyu ne. Yanzu ciwon ya shiga ƙashi, jini ba ya sauka, sai dai daga ƙasan gwiwa."

Ban yi kuka a nan ba. Rabi ce ma ta ce, "To, Allah ya sa hakan ne alheri. Yaushe za a yi?" Muryarta ƙalau, kamar mai tambayar ranar suna. Masu cewa tafiya mabuɗin ilimi ba su faɗi irin ilimin ba. Ni na ƙetare ƙasashe don a maimaita min abin da aka gaya min a garinmu, sai dai farashin ya tashi daga yatsa zuwa ƙafa.

Ranar Talata da safe aka yi aikin. Na zauna a benci da carbi, kusa da wata tsohuwa 'yar ƙauyensu da aka shiga da mijinta. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta ɓare lemo ta ba ni rabi, na karɓa na riƙe har ya yi ɗumi a hannuna. Da aka fito da Rabi na kalli bargon da aka lulluɓe ta da shi, gefe ɗaya a tashe, gefe ɗaya a kwance. Abin da na fi tsana a duk tafiyar shi ne ban san inda suka kai ƙafar ba. Na tambaya a ba ni in sa a binne ta kamar yadda ake yi, Ummu Hani ta yi ta kai da kawo, ƙarshe ta dawo ta ce sun ce an riga an kula da ita.

Sauran kwanakin na wankin ciwo ne da koyon sanda. Wata ma'aikaciya ta kawo min faranti ta nuna min da hannu: rabi ganye, kwata nama ko wake, tuwo ko shinkafa ɗan dunƙulen hannu. Ni Fanna, ana koya min ciyar da 'yata. Garin kunun da na sha wahalar shigo da shi na bar wa Ummu Hani. Ta shinshina shi ta ce ƙanshin ɗakin kakarta ke nan, ta yi hawaye. Ranar da za mu taho ta rako mu har filin jirgi, ta ce in na isa in gaishe mata da Kano gaba ɗaya.

A dawowa bel ɗin ya zagaye Rabi ba ƙari. A bakin lungu mutum biyu ne suka ɗauki kujerar, ba su sauke ba har zaure. Na ce wa Malam Sani a gidana za ta zauna sai ta warke. Ya ce, "Yadda kika ce, Inna." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ɗakin da ta yi jego shida nan na shimfiɗa mata.

Yanzu wani mugun hali na dawo da shi. Duk wadda ta shigo dubiya, in mayafinta ya zame, wuyanta nake kallo. Kada ku so ku ji nawa na gani, kuma da yawa a hannuna suka yi wanka. Shekaranjiya aminiyata Hajiya Ladi ta ja ni gefe ta ce, "Fanna, yarinyar nan ta rame, ki ɗora mata tukunya mana. Ga Zainabuna ma watanta ya kama, ke nake jira." Na ce mata wanka zan yi, ɗura kuwa na daina, kuma ta kai Zainabu a auna jininta, don na ga bayan wuyanta. Ta saki hannuna ta ce, "'Yata ba ƙazama ba ce." Ta ɗauki takalminta, ko sallama. Ban ji haushinta ba. Wata uku baya da ni ce, da abin da zan faɗa ya fi nata.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda ba na iya faɗa idan ɗaki ya cika. Washegarin dawowarmu na dafa ruwa, na naɗe dungulmin da leda kada ya jiƙe, na zaunar da Rabi a kujera 'yar tsugunno a bayi. Ina zuba mata ruwa a kafaɗa sai na ga ta sunkuyar da kai, ta tattare gashinta sama, ta damƙe gefen kujerar da hannu ɗaya, ta runtse ido. Jira take. A hasken safiya na ga 'yan tabo-tabo farare a cikin baƙin, duk aikina ne. Na sa tafin hannu na shafa sabulu kawai.

Ta ce, "Inna, yau ba za ki goge ba?"

Na ce, "Na daina."

Ta saki kujerar ta ce, "Dama da zafi."

Na ce, "Shekara goma sha biyu, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In ya yi ja murna kike yi, kina cewa ya fara fita. Ban so in ɓata miki ba."

Na durƙusa na wanke mata ƙafar dama, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda likita ta nuna min, na duba tafin ko da wani ƙwarzane. Na sake cika kofi na kai gefen hagu. Sai da ruwan ya zube a kan siminti na tuna.